Ciwon Ƙoda a Tsakanin Majinyatan Korona da Aka Kwantar a Asibiti

Lokacin da cutar korona, wadda aka sa wa suna COVID-19, ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Chaina a watan Disamban 2019, likitoci sun ɗauke ta a matsayin cutar huhu. Alamominta na fili, wato zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, duk sun nuna hakan. Amma kafin tsakiyar shekarar 2020, asibitocin da suka cika da majinyata sun gano cewa ƙoda na cikin sassan jikin da suka fi jin jiki, kuma majinyacin da ƙodarsa ta samu rauni ya fi sauran shiga haɗarin rasa ransa.

Abin da ya sa lamarin ya fi tayar da hankali shi ne raunin ƙoda ba ya zuwa da zafi ko wata alamar da 'yan uwan majinyaci za su lura da ita da wuri. Sau da yawa gwajin jini da auna yawan fitsari ne kaɗai ke tona shi. Waɗannan gwaje-gwaje biyu ba su da tsada idan aka kwatanta su da wankin ƙoda, kuma su ne ke bai wa likita damar ceto ƙodar kafin ta tsaya.

Aikin da ƙoda ke yi a jiki

Mutum yana da ƙoda biyu a bayan ciki, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, kowacce girmanta ya kai dunƙulen hannu. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Kowace matata tana da kashi biyu: wani dunƙulen siraran jijiyoyin jini da ke tace ruwa daga jini, da kuma wani siririn bututu da ke mayar wa jiki abin da yake buƙata, ya bar sauran ya fita a matsayin fitsari.

A kowace rana ƙodojin babban mutum mai lafiya suna tace ruwa kimanin lita 180, amma lita ɗaya zuwa biyu ne kawai ke fita a matsayin fitsari. Sauran duk bututun ne ke mayar da shi cikin jini. Domin gudanar da wannan aiki, ƙoda tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa. Wannan ne ya sa duk abin da ya rage gudun jini ko ya rage iskar oksijin a cikinsa, ƙoda na cikin waɗanda ke fara ji.

Baya ga fitar da datti, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, da sinadarin fotashiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, da kuma tsamin jini. Tana da hannu wajen daidaita hawan jini, kuma tana samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Raunin ƙoda na farat ɗaya

Likitoci sun bambanta ciwon ƙoda iri biyu. Akwai mai daɗewa, wanda ke cin ƙoda sannu a hankali tsawon watanni ko shekaru, galibi sakamakon hawan jini ko ciwon suga. Akwai kuma rauni na farat ɗaya, inda aikin ƙoda ke faɗuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Wannan na biyun shi ne aka fi gani a wurin majinyatan korona.

Ana gano shi ne ta ma'aunin da ƙungiyar ƙwararrun likitocin ƙoda ta duniya mai suna KDIGO ta fitar a 2012. Ma'aunin ya dogara da wani datti mai suna kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ke zubarwa. Idan ƙoda ta gaza, sai ya taru a jini. Ana cewa mutum ya samu rauni na farat ɗaya idan kiriyatinin ɗinsa ya ƙaru da miligiram 0.3 a kowace desilita cikin sa'o'i 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a da cikin kwana bakwai, ko kuma fitsarinsa ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a kowace sa'a, har tsawon sa'o'i shida.

Ga mutum mai nauyin kilo 60, wannan na nufin fitsarin da bai kai mililita 180 ba cikin sa'o'i shida, wato kusan sulusin ledar ruwan sha mai rabin lita. An kasa raunin zuwa matakai uku gwargwadon tsananinsa, kuma a mataki na uku ne ake samun waɗanda ke buƙatar wankin ƙoda.

Abin da alƙaluma suka nuna

Rahotannin farko daga Chaina ba su nuna girman matsalar ba. Wani bincike kan majinyata 1,099 da aka wallafa a farkon 2020 ya samu raunin ƙoda a ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Wani binciken kuma da aka yi kan majinyata 701 a asibitin Tongji da ke Wuhan ya samu raunin a kashi 5.1 cikin ɗari. Sai dai wannan binciken na biyu ya gano wani abin lura: kashi 43.9 cikin ɗari na majinyatan sun zo asibiti da furotin a fitsarinsu, kashi 26.7 kuma da ɓurɓushin jini. Ƙoda mai lafiya ba ta barin waɗannan su wuce, don haka ganinsu a fitsari alama ce ta cewa matatar ta fara taɓuwa. Waɗanda ke da waɗannan alamomi sun fi sauran mutuwa a asibitin.

Da cutar ta isa Amurka, sai alƙaluman suka yi tashin gwauron zabi. Mujallar Kidney International ta wallafa wani bincike a watan Mayun 2020 kan majinyata 5,449 da aka kwantar a asibitoci 13 na rukunin Northwell a yankin New York, tsakanin 1 ga Maris da 5 ga Afrilu na wannan shekara. Daga cikinsu, 1,993, wato kashi 36.6 cikin ɗari, sun samu raunin ƙoda na farat ɗaya. A cikin waɗanda aka sa wa na'urar taimaka wa numfashi, kashi 89.7 ne suka samu raunin, alhali kashi 21.7 ne kawai a cikin waɗanda ba a sa wa ba. Fiye da sulusin masu raunin sun iso asibiti da shi ne, ko kuma ya bayyana cikin sa'o'i 24 na farko.

Wani binciken a asibitocin Mount Sinai, su ma a New York, ya duba majinyata 3,993. Kashi 46 cikin ɗari sun samu raunin ƙoda, kuma kashi 19 cikin ɗari na waɗannan sun buƙaci wankin ƙoda. Rabin masu raunin sun rasu a asibiti, alhali kashi 8 cikin ɗari ne suka rasu a cikin waɗanda ƙodarsu ba ta taɓu ba. A Birtaniya ma, wani babban bincike da ya haɗa asibitoci masu yawa ya samu raunin a kusan ɗaya cikin kowane majinyata uku da aka auna jininsu.

Bambancin da ke tsakanin alƙaluman Chaina da na Amurka yana da dalilai. Majinyatan New York sun fi yawan shekaru, kuma da yawansu suna da hawan jini ko ciwon suga ko ƙiba tun kafin korona. Asibitocin birnin sun cika maƙil, har ya zama waɗanda cutar ta yi wa tsanani ne kawai ke samun gado. Yawan maimaita gwajin jini ma yana ƙara adadin waɗanda ake ganowa. Bayan zangon farko na annobar, adadin masu raunin ƙoda da masu buƙatar wanki ya ragu a ƙasashe da dama, yayin da likitoci suka ƙware a jinyar cutar, aka samu magunguna, daga baya kuma allurar rigakafi ta zo.

Hanyoyin da cutar ke illata ƙoda

Binciken gawarwaki da na ɗan yankin ƙodar da ake cirowa daga masu rai ya nuna cewa abin da aka fi samu shi ne lalacewar bututun matata. Wani bincike kan gawarwaki 26 a Wuhan na cikin na farko da suka bayyana hakan. Bututun yana cin iskar oksijin sosai saboda nauyin aikin da ke kansa, don haka shi ne ke fara mutuwa idan jini ya ragu. Abubuwa da yawa ne ke haɗuwa su kai shi ga haka.

Na farko shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Majinyacin da ya shafe kwanaki yana zazzaɓi da gumi da numfashi da sauri, wani lokaci da gudawa ko amai, ga shi ba ya iya ci ko sha, yakan iso asibiti jikinsa ya riga ya bushe. A farkon annobar, likitoci da yawa sun riƙa taƙaita ƙarin ruwa da ba da maganin sa fitsari domin kada ruwa ya taru a huhu, wanda hakan ya ƙara wa ƙodar wasu majinyata wahala. A watan Mayun 2020 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, wato NICE, ta fitar da jagora na musamman da ya jaddada a riƙa daidaita ruwan jikin majinyaci, kada ya yi kaɗan kuma kada ya yi yawa.

Na biyu shi ne alaƙar huhu da zuciya da ƙoda. Idan huhu ya kasa shigar da isasshen oksijin, ƙoda ba ta samun rabonta. Idan zuciya ta raunana ko bugun jini ya faɗi, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa. Ita kanta na'urar numfashi, duk da ceton rai da take yi, tana ƙara matsi a cikin ƙirji, matsin kuma yana rage jinin da ke komawa zuciya. Wannan na cikin dalilan da suka sa raunin ƙoda yakan bayyana daidai lokacin da aka ɗora majinyaci a kan na'urar.

Na uku shi ne martanin garkuwar jiki. A wurin wasu majinyata, garkuwar tana fitar da sinadaran yaƙi fiye da kima, su kuma su illata shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga jijiya zuwa cikin nama, bugun jini ya sauka. Tare da wannan akwai saurin daskarewar jini, wanda aka san korona da shi. Ƙananan gudajin jini suna iya toshe siraran jijiyoyin matata, a wasu lokuta ma babban gudaji ya toshe jijiyar da ke kai wa ƙoda jini.

Na huɗu shi ne narkewar tsoka. Zazzaɓi mai tsanani da ita kanta cutar suna iya farfasa ƙwayoyin tsoka, su saki wani sinadari da ke toshe bututun ƙoda. Alamarsa ciwon jiki mai tsanani da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi.

Na biyar shi ne magunguna. Magungunan rage raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke shiga matata, musamman idan jiki ya bushe. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kamar gentamicin da vancomycin, suna iya illata bututun, haka ma ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin ɗaukar wasu hotunan cikin jiki.

Akwai kuma tambayar ko ƙwayar cutar tana shiga ƙoda da kanta. Ƙwayar korona tana shiga ƙwayoyin jikin mutum ne ta wata ƙofa mai suna ACE2, kuma bututun ƙoda yana da wannan ƙofa da yawa. Masu bincike a birnin Hamburg na Jamus sun samu ɓurɓushin ƙwayar cutar a ƙodojin mamata a 2020. Amma a mafi yawan samfuran da aka ciro daga masu rai ba a ga ƙwayar ba, kuma wasu abubuwan da aka fara ɗauka ƙwayar cutar ce a madubin bincike, daga baya an nuna sassan ƙwayoyin ƙodar ne na asali. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masana shi ne mafi yawan raunin yana zuwa ne daga tsananin rashin lafiyar da ta kama jiki gaba ɗaya.

Ƙwayar gado da ta shafi mutanen Afirka ta Yamma

Akwai wani nau'in ciwon ƙoda da korona ke tayarwa wanda ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye. Tun a 2020 likitoci a Amurka da Turai suka fara ba da rahoton majinyata, kusan dukkansu baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka, waɗanda dunƙulen jijiyoyin matatarsu ya rufta. Irin waɗannan majinyata suna zubar da furotin mai yawa a fitsari, jikinsu ya kumbura, ƙodarsu ta faɗi cikin gaggawa, wani lokaci ma alhali cutar ba ta yi wa huhunsu tsanani ba. An riga an san irin wannan ruftawa a wurin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Da aka bincika, sai aka samu mafi yawansu suna ɗauke da sauyi a wata ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda suka gada daga uwa da kuma uba. A 2010 ne masana suka gano alaƙar sauye-sauye biyu na wannan ƙwaya, G1 da G2, da ciwon ƙoda. Sauye-sauyen sun yaɗu a Afirka ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, kamar yadda ƙwayar gadon sikila ta yaɗu saboda kariyar da take bayarwa daga zazzaɓin cizon sauro.

Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan masu ɗauke da su, musamman kudancin Najeriya da Ghana. Wani bincike da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a ƙarshen 2024, kan mutum 8,355 a Najeriya da Ghana, waɗanda suka haɗa da masu ciwon ƙoda da masu lafiya, ya samu kashi 29.7 cikin ɗari suna ɗauke da sauyin daga iyaye biyu, kashi 43 kuma daga ɗaya.

Mafi yawan masu ɗauke da sauyin suna ƙare rayuwarsu ba tare da ciwon ƙoda ba. Sai an samu wani abu na biyu da zai tayar da shi, kamar kamuwa da ƙwayar cutar da ke sa garkuwar jiki ta fitar da sinadarin intaferon, wanda ke ƙara yawan APOL1 a cikin matata. Korona na cikin cututtukan da ke yin hakan. Saboda haka kumburin fuska ko ƙafafu, ko fitsari mai yawan kumfa, a lokacin korona ko 'yan makonni bayanta, abu ne da ya wajaba a kai wa likita ko da numfashi lafiya lau yake.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ittifaƙi a kan rukunin da raunin ya fi kamawa: tsofaffi, da maza, da masu ciwon suga, da masu hawan jini, da masu ciwon zuciya, da masu ƙiba, da waɗanda dama ke da ciwon ƙoda mai daɗewa. Wannan rukuni na ƙarshe yana da wata matsala ta daban, domin da yawansu ba su san suna da ciwon ba sai ranar da wata cutar ta kwantar da su.

Masu zuwa wankin ƙoda a kai a kai sun fuskanci haɗari ninki biyu. Garkuwar jikinsu tana da rauni, kuma ba za su iya killace kansu a gida ba, tunda dole su je cibiyar wanki sau biyu ko uku a mako su zauna kusa da wasu na tsawon sa'o'i. Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda kuma suna shan magungunan danne garkuwar jiki domin kada jikinsu ya ƙi sabuwar ƙodar. Rajistar masu ciwon ƙoda ta Turai ta nuna cewa a zangon farko na annobar, kusan ɗaya cikin biyar na masu wanki da masu dashen da suka kamu da korona sun rasu cikin kwana 28. Allurar rigakafi ma ba ta kama jikin masu dashe kamar yadda take kama na sauran mutane, wanda ya sa aka ba su shawarar ƙarin allurai.

Yadda ake ganowa da jinya a asibiti

Ƙa'idar da aka bi a asibitoci ita ce a auna kiriyatinin da yuriya da gishirin jini na duk wanda aka kwantar da korona tun ranar farko, a kuma tsoma takardar gwaji a fitsarinsa domin neman furotin da jini. Ana maimaita gwajin jinin a kai a kai, kowace rana ga waɗanda jikinsu ya tsananta. Ana kuma rubuta duk ruwan da ya shiga jikin majinyaci da wanda ya fita. A nan mai zaman jinya yana da rawar takawa, domin shi ne yakan fara lura cewa majinyaci ya wuni bai yi fitsari ba, ko fitsarin ya sauya launi, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya fara ruɗewa da yawan barci.

Babu wani magani da ke warkar da bututun da ya lalace kai tsaye. Abin da ake yi shi ne a kawar da abin da ke cutar da ƙodar, a ba ta lokaci ta farfaɗo, domin ƙwayoyin bututun suna iya sake tsirowa. Ana daidaita ruwan jiki, a tallafi bugun jini, a ba da oksijin, a dakatar da magungunan da ke illata ƙoda, a rage adadin waɗanda ƙoda ce ke fitar da su, a kuma sa ido a kan fotashiyam, domin hawansa yana iya tsayar da zuciya nan take.

A farkon annobar an yi fargabar cewa magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan suna ƙara haɗarin korona saboda alaƙarsu da ƙofar ACE2. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su samu wata illa a ci gaba da shan su ba, don haka shawarar ƙungiyoyin likitocin zuciya ita ce kada kowa ya daina su da kansa. Likita ne zai iya dakatar da su na ɗan lokaci idan bugun jini ya faɗi ko ƙoda ta samu rauni. Haka yake ga maganin suga na metformin.

Maganin dexamethasone ya kawo sauyi babba. A watan Yunin 2020, gwajin RECOVERY da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma yana rage mutuwa da kusan sulusi a cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan kashi ɗaya cikin biyar a cikin waɗanda ke kan oksijin kawai. Cikakken sakamakon ya nuna ya rage buƙatar wankin ƙoda. Bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba, kuma yana tayar da suga, saboda haka ba maganin saye a kemis ba ne. Maganin Paxlovid kuma ana rage adadinsa ga masu raunin ƙoda, sannan yana cin karo mai haɗari da tacrolimus, wanda masu dashen ƙoda ke sha.

Wankin ƙoda da ƙarancin kayan aiki

Ana komawa ga wankin ƙoda ne idan fotashiyam ya hau ya ƙi sauka da magani, ko jini ya yi tsami sosai, ko ruwa ya cika huhu fitsari kuma ya ƙi fita, ko datti ya taru har ya taɓa ƙwaƙwalwa ko jakar zuciya. Akwai wankin da ake yi na sa'o'i uku zuwa huɗu, da wanda na'ura ke yi a hankali dare da rana ga waɗanda bugun jininsu ba zai jure wanki mai sauri ba. Majinyatan korona sun ba da wahala ta musamman a nan, domin jininsu yana daskarewa a cikin matatar na'urar ya toshe ta kafin lokaci.

A watan Afrilun 2020, asibitocin New York, duk da arzikin birnin, sun fuskanci ƙarancin na'urorin wanki da ruwan wanki da ma'aikatan jinya da suka iya aikin. An riƙa raba na'ura ɗaya tsakanin majinyata biyu a rana, wasu asibitocin suka riƙa haɗa ruwan wankin da kansu, wasu kuma suka koma ga wankin da ake yi ta cikin ciki. A wannan hanya ana sa bututu a cikin majinyaci, a ɗura ruwa na musamman, tantanin da ya lulluɓe hanji ya yi aikin matata, sannan a zubar da ruwan. Ana iya yin sa ba tare da wutar lantarki ko babbar na'ura ba, kuma an daɗe ana amfani da shi a ƙasashe masu tasowa, musamman ga yara.

Bayan an sallami majinyaci

Fita daga asibiti ba ya nufin ƙoda ta koma yadda take. A binciken Mount Sinai, kashi 35 cikin ɗari na masu raunin da suka rayu an sallame su ne ƙodarsu ba ta gama farfaɗowa ba. Wani bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 2021, ya bi mutum 89,216 da suka rayu fiye da kwana 30 bayan kamuwa da korona. An samu sun fi waɗanda ba su kamu ba haɗarin raguwar aikin ƙoda da kuma gazawarta gaba ɗaya a watannin da suka biyo baya, kuma haɗarin ya fi girma ga waɗanda aka kwantar, musamman a sashen kulawa ta musamman.

Ƙa'idar KDIGO ita ce a sake duba duk wanda ya samu raunin ƙoda na farat ɗaya bayan wata uku. Ana auna kiriyatinin da furotin a fitsari da bugun jini. Ya kamata majinyaci ya nemi a rubuta masa a takardar sallama cewa ya samu raunin, da sakamakon gwajinsa na ƙarshe, domin likitan da zai gan shi nan gaba ya san inda aka tsaya. Ana ba shi shawarar ya guji magungunan raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac, ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a abinci, ya kuma shaida wa likita duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da yake sha, domin wasu daga cikinsu suna illata ƙoda.

Abin da lamarin ke nufi ga Najeriya

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kwanaki kaɗan kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba ranar 11 ga Maris. Rukunin farko na allurar rigakafi, kusan miliyan huɗu, ya iso Abuja ranar 2 ga Maris ɗin 2021 ta shirin COVAX. Alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, wato NCDC, sun nuna mutum fiye da 266,000 da aka tabbatar sun kamu, fiye da 3,100 kuma sun rasu. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa kan cutar, amma ƙwayar na ci gaba da yawo, kuma har yanzu tana kwantar da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki.

Cibiyoyin wankin ƙoda a Najeriya sun taru ne a manyan birane da asibitocin koyarwa, kuma galibi majinyaci ko danginsa ne ke biyan kuɗin kowane zama daga aljihunsu. Ga mutumin da ke ƙauye mai nisa, isa wurin na'urar kaɗai yana iya cin kwanakin da ƙodarsa ba ta da su. Wannan ne ya sa gwajin kiriyatinin da takardar gwajin fitsari da kwanon auna fitsari a ƙaramin asibiti suka fi muhimmanci a nan fiye da ƙasashen da wanki ke kusa da kowa.

Korona ba ita kaɗai ke illata ƙoda ta waɗannan hanyoyi ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da kwalara, da zubar jini wajen haihuwa, da saran maciji duk suna jawo raunin ƙoda na farat ɗaya. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo sun nuna cewa raunin ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu zazzaɓin Lassa. Duk majinyacin da aka kwantar da zazzaɓi mai tsanani, musamman a watannin zafi da jiki ke saurin bushewa, yana buƙatar a auna aikin ƙodarsa ranar da ya shiga asibiti, a ƙirga fitsarinsa kullum, a kuma sake gwada shi wata uku bayan sallama idan an samu ƙodar ta taɓu.